Yaƙin Kwamfuta Kafin Yaƙin Gaske: Me Soja Ke Koya, Me Ke Wuce Shi?

Jirgin yaƙin Amurka samfurin F-35 kujera ɗaya gare shi. Ba a ƙera masa mai kujera biyu ba, irin wanda malami zai zauna a baya ya karɓe tuƙi idan ɗalibi ya rikice. Ke nan ranar da matuƙi zai fara ɗaga shi sama, shi kaɗai zai tashi da jirgin da kuɗinsa ya kai wajen dala miliyan 80. Abin da ya sa ake yarda a damƙa masa shi ne ya riga ya ɗauki makonni yana tuƙa shi a ƙasa, cikin wani ɗaki mai zagayayyen rufi, hoton sama da ƙasa ya kewaye shi ta ko'ina. A ɗakin nan injinsa ya mutu, jirginsa ya kama da wuta, an harbo shi, ya sauka cikin hazo, ya faɗi ya tarwatse, sannan ya fito ya sha ruwa ya koma.

Inda horon soja ya kai ke nan a manyan rundunonin duniya. Direban tanka, mai harba igwa, hafsan da ke tsaron dare a jirgin ruwa, likitan fagen daga, har janar ɗin da zai motsa dakaru dubu hamsin, kowa da na'urar da ke kwaikwaya masa aikinsa. Ko abin yana da amfani? Wannan an daɗe da wuce wurin, yana da shi. Gardamar da ta rage ita ce me na'urar ke iya koyarwa, me ya fi ƙarfinta, kuma wa ke yanke shawarar abin da za a zuba mata a ciki. Ta nan ɓaraka ke shigowa, kuma ta sha cin rayuka.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1824 wani ƙaramin hafsan igwa na ƙasar Purusiya, Georg von Reisswitz, ya gyara wani wasan yaƙi da mahaifinsa ya ƙirƙiro, ya ɗora shi a kan taswirar ƙasa ta gaske. Guntayen ƙarfe masu launin ja da shuɗi su ne rundunoni, kowane ɓangare ba ya ganin motsin ɗan'uwansa sai abin da 'yan leƙen asirinsa za su iya hangowa, alƙalin wasa kuma ya jefa ɗan lido ya duba jadawali ya faɗi yawan waɗanda suka faɗi. Babban hafsan ƙasar, Janar von Müffling, ya zo kallo yana ɗari-ɗari, ya tashi ya ba da shawara rundunoni su rungumi wasan. Da Purusiya ta lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka ruga kwafa.

Na'ura ta shigo ne ta hannun Edwin Link, ɗan wani mai masana'antar kayan kiɗa a Binghamton ta jihar New York. A 1929 ya haɗa wani akwati mai siffar ƙaramin jirgi, yana karkata hagu da dama da ƙarfin zugazugai irin na kayan kiɗan gidansu. Wuraren wasan yara ne suka fara saye. Sai a 1934, lokacin da aka ɗora wa sojan sama jigilar wasiƙu, matuƙa fiye da goma suka mutu cikin 'yan watanni saboda ba su saba tuƙi cikin duhu da hadari ba, sannan soja suka sayi guda shida. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an ƙera fiye da 10,000, an horar da matuƙa kusan rabin miliyan a cikinsu. Mataki na gaba ya zo a 1983, da hukumar binciken kimiyya ta ma'aikatar tsaron Amurka, DARPA, ta fara shirin SIMNET ƙarƙashin Jack Thorpe. Shi Thorpe ya lura cewa abin da ke kayar da runduna ba rashin iya tuƙin mutum ɗaya ba ne, rashin iya aiki tare ne. Sai aka jona akwatunan tankoki da na jirage masu saukar ungulu ta waya, wanda ke Fort Knox a Kentucky yana ganin tankar wanda ke Jamus a fili ɗaya. Hotunan ba su da kyau ko kaɗan, kuma da gangan aka bar su haka don abin ya yi araha a samu da yawa.

Arahar nan ita ce uwa uba a cikin dalilan da suka tura rundunoni wannan hanya. Awa guda ta F-35 a sama tana lashe fiye da dala dubu 30, ban da tsufan da jirgin ke yi. Makamin fasa tanka na Javelin ƙwaya ɗaya ta haura dala dubu 100, shi ya sa akasarin masu harba shi a na'ura suke samun shaidar ƙwarewa, wasu har su bar aiki ba su taɓa harba na gaske ba. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991 an zaftare kasafin tsaro a ƙasashen Yamma, makamai kuwa sai ƙara tsada suke yi. Kwamandan da aka ce ya rage kashe kuɗi amma kada ƙwarewar dakarunsa ta ragu, ina zai nufa in ba ɗakin kwamfuta ba?

Akwai kuma matsalar fili. Makaman zamani suna cin zangon da ya wuce faɗin filayen atisaye, jama'ar da ke maƙwabtaka da filayen kuma sun gaji da ƙarar bama-bamai. A tsibirin Vieques na Puerto Rico, bam ɗin atisaye ya kashe wani farar hula mai gadi a 1999, zanga-zanga ta ɓarke, a 2003 sojan ruwan Amurka suka tattara suka bar wurin. Ga taurarin ɗan'adam na Rasha da Sin suna leƙen duk abin da aka yi a sarari, don haka wasu dabarun sirri ba a gwada su sai a cikin gini. Wasu abubuwan ma ba su gwaduwa da gaske ko da kuɗi da fili: ba wanda zai cinna wa jirgin ƙarƙashin teku wuta don ma'aikata su koyi kashe gobara.

Dalilin da ya fi ba da mamaki shi ne yadda kasuwa ta juya. Da can soja ne ke gaba a fasahar hoto, masu wasanni suna tsintar ragowa. Daga shekarun 1990 sai reshe ya juya da mujiya. Kasuwar wasannin kwamfuta da na waya yanzu tana juya kusan dala biliyan 180 a shekara, kuɗin da ba wata ma'aikatar tsaro da za ta iya warewa don zana bishiyoyi da gine-gine. A 1996 wasu sojojin kundumbala na Amurka suka ɗauki wasan Doom II, suka cire dodanni suka sa abokan gaba, suka mai da shi atisayen 'yan ƙungiya huɗu. Kwamandansu, Janar Charles Krulak, bai hana ba, ƙarfafa musu gwiwa ma ya yi. A 1999 sojan ƙasa suka ba Jami'ar Kudancin Kalifoniya dala miliyan 45 ta kafa cibiyar da za ta haɗa su da masu shirya fina-finai da wasanni. Shi kuwa Virtual Battlespace, wanda rundunonin ƙasashe da dama na ƙungiyar NATO ke horo da shi yau, asalinsa wasan kasuwa ne mai suna Operation Flashpoint da wani kamfani na Jamhuriyar Cek ya fitar a 2001. A 2022 kamfanin makamai na Birtaniya, BAE Systems, ya saye reshen da ke yin sa a kan dala miliyan 200.

Su ma kuratan da ake ɗauka da madannin wasa suka girma a hannu. Jirgin ƙarƙashin teku USS Colorado da ya fara aiki a 2018 da madannin Xbox ake juya na'urar leƙensa. Madannin da ake amfani da shi a da kuɗinsa wajen dala dubu 38 ne, ga nauyi, ga wuyar koyo. Na Xbox bai wuce dala talatin ba, kuma yaran ba sa bukatar wanda zai nuna musu.

To, me aka samu? Misalin da masu wannan harka suka fi tinƙaho da shi ya faru ne ranar 26 ga Fabrairu 1991 a hamadar kudancin Iraƙi. Wani kyaftin mai suna H.R. McMaster, da tankokin Abrams tara da motocin sulke kimanin goma sha biyu, ya hau wani ɗan tudu cikin guguwar yashi sai ya yi kiciɓis da dakarun Tawakalna na rundunar zaratan Saddam Husaini. Cikin minti 23 suka ƙona tankoki 28 ba su rasa mutum ko ɗaya ba. Masu harbin sun maimaita wannan motsi na gano tanka, auna nisa, kiran harsashi da harbawa sau ba adadi a na'ura tun suna sansaninsu na Jamus, har hannu ya riga tunani. Sai dai adalci shi ne a faɗi sauran: tankokin Amurka na da madubin da ke ganin zafin inji cikin ƙura, igwarsu ta fi cin nisa, Iraƙawan kuma sun sha ruwan bama-bamai na makonni. Na'ura ta ba da gudummawa, ba ita kaɗai ta ci yaƙin ba.

A ganina babbar ribar ba a harbi take ba, a zaman bita take bayan an gama. Na'urar tana naɗe komai: wa ya juya ina, wa ya yi magana a rediyo, a wane daƙiƙa aka makara. A atisayen fili, manjo na iya cewa shi ya ba da umarni a kan lokaci, kofur kuma ba shi da bakin musu. A nan kuwa sai a mayar da hoton baya kowa ya gani. Lokacin da kwanton ɓauna da bama-baman gefen hanya suka addabi ayarin motocin Amurka a Iraƙi, an fito da wani shiri mai suna DARWARS Ambush a 2004, direbobi da masu dafa abinci da makanikai, waɗanda ba a taɓa zaton za su yi faɗa ba, suna zama gaban kwamfutoci suna koyon abin yi idan motar gaba ta tashi. Waɗanda suka dawo daga fagen daga su ke ƙara sababbin dabarun da suka gani. Har likitocin ƙwaƙwalwa sun ari fasahar, suna mayar da tsofaffin sojoji masu firgita cikin hoton titin da abin ya same su, a hankali a hankali, har zuciya ta daina bugawa.

Duk wannan yana aiki ne idan an bar abokin gabar da ke cikin na'urar ya yi abin da abokin gaba ke yi. Abin da ya faru a 2002 ya nuna yadda hakan ke yi wa manya ɗaci.

A watan Yuli da Agusta na shekarar, Amurka ta gudanar da atisayen Millennium Challenge, wanda ya ci dala miliyan 250, da mutum 13,500, wani ɓangare a fili, mafi yawa a kwamfuta. Manufarsa a gwada sabon tunanin da ke tashe a ma'aikatar tsaron Amurka zamanin sakataren tsaro Donald Rumsfeld, cewa wanda ya mallaki bayanai da na'urorin leƙen asiri zai karya abokin gaba cikin 'yan kwanaki. Aka ɗauko wani janar mai ritaya na sojan kundumbala, Paul Van Riper, tsohon hannu tun yaƙin Biyetnam, aka ce ya jagoranci ɓangaren ja, wato wata ƙasa ta yankin Tekun Fasha da ba a ambaci sunanta ba. Van Riper ya san ana sauraren rediyonsa da wayoyinsa, sai ya daina amfani da su. Ya riƙa aika saƙo ta 'yan babur, jiragensa na tashi da alamar fitila kamar zamanin Yaƙin Duniya. Bai jira a kawo masa hari ba. Da ayarin jiragen ruwan ɓangaren shuɗi, wato Amurka, suka shigo tekun, sai ya sako musu makamai masu linzami a lokaci guda fiye da yadda na'urorin kariyarsu za su iya tarewa, ya bi su da tarin ƙananan kwale-kwale masu gudu, wasu maƙare da bam. Kwamfuta ta yi lissafi ta ce jiragen yaƙi 16 sun nutse, har da mai dakon jiragen sama. Da gaske ne, da an yi asarar rayuka wajen 20,000.

Sai masu shirya atisayen suka dakatar da wasa, suka tayar da jiragen da suka nutse, aka ci gaba. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, kuma hujjarsu tana da ƙarfi: akwai dubban sojoji da jirage na gaske da ke jiran ranar saukarsu, ba za a sallame su a kwana na biyu ba. Sun kuma ce na'urar ta ajiye jiragen kusa da gaɓa fiye da yadda za su tsaya a yaƙin gaske, ta bar ƙananan kwale-kwale suna ɗaukar makaman da suka fi ƙarfinsu. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ya biyo baya. An umarci ɓangaren ja ya kunna na'urorin hangen jiragensa don a samu a lalata su, an hana shi harbin jiragen da ke sauke dakaru, an hana shi wasu makamai. Van Riper ya ga an rubuta ƙarshen labari tun kafin a fara, ya janye daga jagoranci. Aka kammala, shuɗi ya yi nasara. Bayan wata bakwai Amurka ta mamaye Iraƙi, ta kifar da gwamnati cikin makonni uku kamar yadda tunanin ya yi alkawari, sannan ta shafe shekaru takwas tana fama da mutanen da ba sa amfani da rediyo.

Ba Amurkawa suka fara wannan ba. An ruwaito cewa a wasan taswirar da hafsoshin Japan suka yi kafin yaƙin Midway a 1942, alƙali ya yanke cewa manyan jiragensu biyu sun nutse, Admiral Ugaki ya soke hukuncin. A watan Yuni da aka gwabza, huɗu suka rasa.

Haɗari na biyu daga ofishin masu lissafin kuɗi yake fitowa. Idan abu ya yi araha, zuciya takan raya wa shugaba ya mai da shi madadin mai tsadar gaba ɗaya. A 2003 sojan ruwan Amurka suka rufe kwas ɗin watanni da sababbin hafsoshin jiragen yaƙi ke yi a Newport, inda ake koya musu tuƙi da dokokin hanyar teku. A madadinsa aka miƙa wa kowane yaro kwalin fayafayen CD, aka ce ya tafi jirginsa ya koya a kwamfuta idan ya samu sarari, manyansa za su ƙarasa masa. Sarari bai samu ba, manyan ma aiki ya sha musu kai. An dawo da aji a 2012, amma waɗanda suka taso a tsakanin sun riga sun zama na tsakiya a rundunar. Ranar 17 ga Yuni 2017 jirgin USS Fitzgerald ya yi karo da jirgin dakon kaya kusa da Japan, ma'aikata bakwai suka mutu a ɗakin kwanansu. Ranar 21 ga Agusta, USS John S. McCain ya yi karo da tankar mai kusa da Singafo, goma suka mutu. Ba harbi, ba abokin gaba.

Bincike ya lissafa gajiya, rashin barci, yawan aiki da ƙarancin horo. A McCain har da ruɗanin allon taɓawa da ake tuƙi da shi, wanda matuƙan ba su fahimce shi sosai ba, abin da ya sa rundunar daga baya ta yanke shawarar mayar da maƙunsai na hannu. Kwalin CD ba na'urar kwaikwayo ba ce, gaskiya ne, kuma ba shi kaɗai ya jawo karon ba. Amma tunanin da ya haife shi shi ne dai tunanin da ke bin kowace na'ura: a cire malami, a cire teku, a bar allo. Abin lura, cikin maganin da aka yi bayan 2017 har da gina manyan cibiyoyin kwaikwayon tuƙin jirgi a Norfolk da San Diego, wannan karon da tsofaffin matuƙa tsaye a kan ɗalibai, da jarrabawar da ake iya faɗuwa.

Akwai kuma abin da ba ya shiga waya ko an so. Sojan da ke gaban allo ya ƙoshi, ya yi barci, ɗakin da sanyi. Bai ɗauki kaya mai kilo talatin ya yi tafiyar yini ba, takalmi bai cinye masa ƙafa ba, bai ji ihun abokinsa ba, kuma can ƙasan ransa ya san in ya mutu zai tashi. Bahaushe ya ce in ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Mafi muni, maimaici na iya kafa wa mutum abin da yake tsammanin gani har ya rufe masa ido daga abin da ke gabansa. Ranar 3 ga Yuli 1988 jirgin yaƙi USS Vincennes ya harbo jirgin fasinjan Iran mai lamba 655 da ya tashi daga Bandar Abbas zuwa Dubai, mutum 290 suka hallaka. Na'urorin jirgin yaƙin sun naɗi cewa jirgin saman hawa yake yi, amma ma'aikatan ɗakin yaƙi suka riƙa ba da rahoton cewa saukowa yake yana nufo su. Rahoton binciken Amurka kansa ya danganta wannan da yadda mutane cikin firgici ke cika labarin da suka saba atisaye a kansa. A atisaye, ɗigon da ya taso daga filin jirgin abokin gaba kusan kullum mahari ne.

Ta ɓangaren jama'a kuwa, wasan ya fito daga bariki ya shiga ɗakin yara. Bayan sojan ƙasa na Amurka sun kasa cika adadin kuratan da suke nema a ƙarshen shekarun 1990, wani kanar masanin tattalin arziki, Casey Wardynski, ya kawo shawarar a yi wasa a raba kyauta. America's Army ya fito ranar 4 ga Yuli 2002, miliyoyi suka yi rajista, ya yi shekara ashirin kafin a rufe shi a 2022. Akwai wata dabara a cikinsa da ta isa a tsaya a kanta: ƙungiya biyu ke fafatawa, amma kowacce tana ganin kanta a kakin Amurka, tana ganin ɗayar a matsayin 'yan ta'adda. Ba wanda ya taɓa zama mugu a idon kansa. A 2008 aka buɗe wata cibiya ta dala miliyan 12 a wani kanti a Philadelphia, yara daga shekara 13 na shiga su buga wasa kyauta, masu ɗaukar kurata na zagayawa; bayan zanga-zanga da suka, aka rufe ta a 2010. Ƙungiyar Hizbullah ta fitar da nata wasan a 2003, sojan Sin suka fitar da nasu a 2011.

Shin wannan na mai da kisa abin wasa? A 2010 wani mai bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya, Philip Alston, ya yi gargaɗin cewa masu tuƙa jirage marasa matuƙa daga nesa za su iya ɗaukar abin tamkar PlayStation. Abin da ya bayyana daga baya ya fi haka sarƙaƙiya, domin da yawansu sun kamu da ciwon damuwa: mutum ya yi makonni yana kallon wani yana fita da 'ya'yansa, sannan ya harbe shi, ya tsaya kallon masu ɗaukar gawa. Ban gamsu cewa allo kaɗai na kashe tausayi ba. Amma yaƙin Yukiren ya kai abin wani matsayi da ya kamata ya tayar wa kowa da hankali. Masu tuƙa ƙananan jiragen nan masu ɗauke da bam suna fara koyo ne a wasannin tseren jirage na kasuwa, da tabarau iri ɗaya da madanni iri ɗaya da wanda za su kai fagen daga. A nan tazarar da ke tsakanin horo da yaƙi ta kusa shafewa, shi ya sa horon ke ci sosai. Gwamnatin ƙasar kuma ta kafa tsarin maki: runduna ta aika bidiyon tanka ko sojan da ta halaka, a ba ta maki, ta je wani shagon intanet na gwamnati ta musanya da sababbin jirage.

Kada kuma a manta akwai masu cin abinci a harkar. Birnin Orlando na Florida ya zama kasuwarta, kowace shekara ana baje koli. A 2021 sojan ƙasa na Amurka suka ƙulla yarjejeniyar da za ta iya kaiwa kusan dala biliyan 22 da Microsoft don tabarau mai nuna wa soja taswira da abokan gaba na kwaikwayo a kan abin da idonsa ke gani. Sojojin da suka gwada suka koka da ciwon kai, ciwon ido da tashin zuciya, a 2025 aka miƙa aikin ga kamfanin Anduril. Mai sayarwa yakan nuna kyan hoto, domin shi ke burge baƙo mai tauraro a kafaɗa. Ko ƙwarewar da aka samu a ɗaki tana bin soja zuwa daji, wannan auna shi na da wuya, kuma ba kowa ke son a auna ba.

Nijeriya ba 'yar kallo ba ce a nan. Jiragen A-29 Super Tucano goma sha biyu da suka iso a 2021 aka girke su a Kainji, matuƙansu a sansanin Moody na jihar Jojiya aka horar da su, kuma duk ƙasar da ke sayen jirage da marasa matuƙa a zamanin nan da na'urorin horonsu take haɗawa. Ga rundunar da kuɗin man jirgi da kayan gyara ke yi mata wuya, wannan alheri ne. Sai dai yaƙin da ake yi a Sambisa, da tsibiran Tafkin Chadi, da dazukan Zamfara, ba na tanka da tanka ba ne. Mai harin a kan babur yake, shigarsa irin ta kowa, yana kwana kusa da ƙauye. A Rann, cikin Janairu 2017, bam ɗin jirgin sama ya faɗa wa sansanin 'yan gudun hijira. A Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, daren 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya kashe aƙalla mutum 85 a wurin Maulidi. Wanda ke kallon allo daga sama cikin dare, ɗigo-ɗigon mutane yake gani sun taru. Abin da zai raba masa taron Maulidi, ko biki, ko cin kasuwar dare, da taron 'yan bindiga shi ne sanin yadda mutanen wurin ke rayuwa, kuma shirin da aka rubuta a Florida ko Ankara ba zai zo da wannan a kwali ba. Sai an zauna an zuba shi, da hannun waɗanda suka san ƙauyukan, har a riƙa kayar da ɗalibi a jarrabawa don ya harba inda ya kamata ya dakata.

Kwamitocin tsaro na Majalisar Dattawa da ta Wakilai su ke sa hannu a kuɗin waɗannan na'urori. Idan hafsoshi suka zo kare kasafi, a tambaye su wa ke taka rawar ɗan bindiga a atisayensu, sau nawa aka bar shi ya yi nasara, fararen hula nawa ne a cikin hoton, kuma awa nawa aka rage daga horon daji tun da aka sayo kwamfutocin.